Rabin Rabin Mudu da Maganin Hafsatu

Gara in rubuta wannan abin tun yana da ɗumi.

A Kanya Babba na girma, a ɗakin kakata Inna Yalwa. Da an idar da isha'i takan iza wuta a murhu, ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Ni take fara tsokana, wai takwararta mai kunnen ƙashi. Ba ta taɓa shiga aji ba, sai dai ta tsufa tana awon hatsi.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai an yi yunwa, kura ta je roƙon gero wajen kurege. Ya ce ta zaɓa, rabin mudu ko rabin rabin mudu. Kura ta ji rabi har biyu, ta ruga aron buhu. Abin da aka auna mata ko gindin buhun bai rufe ba. Mu yi ta dariya, Inna ta ce, "Takwara, ƙwarya ake dubawa, ba bakin mai awo ba."

A aji biyar malam ya rubuta 0.5 × 0.5. Kusan kowa ya ce 2.5. Na tuna kura, na ce 0.25.

Jiya zazzaɓi ya kama ɗiyata Hafsatu, 'yar wata goma. Wani mai kemis a nan Babura ya ɗora ta a sikeli, kilo 8.5. Kwalin maganin ya ce mil 0.3 ga kowane kilo. Ya ninka a takarda, ya rubuta 25.5. A gida har na cika sirinji na kai bakinta, sai na dakata. Ai 0.3 bai kai rabi ba, rabin takwas kuwa huɗu ne. Daga ina ashirin da biyar ta fito?

Mijina ya ce in bar gardama da masu sana'a.

Na ce, "Baban Hafsatu, ka yi haƙuri, wallahi ba zan ba ta ba."

Muka hau babur zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta lissafa, 2.55. Ta duba takardar mai kemis, sannan ta tambaye ni inda na yi karatu.

Da can na ɗauka Inna kwaɗayi take hana mu. Ashe koya mana take mu kintaci amsa tun kafin a faɗa mana ita. Hafsatu dai ta tashi da safe tana jan ɗankwalina. Babanta kuwa ya tare kowa a ƙofar gida yana ba da labari, har da ƙari.