Ƙafafun Baba Mai Baro

A cocin nan ba wanda ya riƙe sunansa na baftisma, Baba Mai Baro kowa ke ce masa. Dako yake yi a kasuwa, ya turo buhunan mutane daga bakin mota zuwa rumfa, kuma tun yana saurayi takalmi bai taɓa zama masa a ƙafa ba. Tafin ƙafarsa ya koma kamar taya. Kaushi a kan kaushi, faso kuwa a dunduniya har yatsa yana shiga. In ya taka kwalba, kwalbar ce ke jin jiki.

Shi ya sa shekara ashirin da bakwai shi ke ɗaukar gicciyen katako ranar Jumma'a Mai Kyau. Da tsakar rana ake Hanyar Gicciye, a fita ta ƙofar coci, a bi kwalta, a zagayo ta filin tsakuwa, a tsaya sau goma sha huɗu ana addu'a. Mai ɗaukar gicciye ba ya sa takalmi, haka aka saba a cocin. Samari sun gwada, ba wanda ya wuce tsayawa ta uku.

Abu ɗaya ne a ran bawan Allah nan. Ranar Alhamis Mai Tsarki Fada kan zaunar da maza goma sha biyu a gaban bagade, ya durƙusa ya wanke musu ƙafa, yadda Ubangiji ya yi wa manzanninsa. Baba kullum yana bencin baya yana miƙa wuya. Ba a taɓa kiransa ba.

To, wata shekara, ranar Larabar Toka da ake fara azumi, tokar ma ba ta goge a goshinsa ba, Katikis, malamin cocin, ya ja shi gefe.

"Baba, ɗaya cikin sha biyun ya rasu, na sa sunanka. Amma ka taimake ni da ƙafafun nan. Tawul Fada zai kawo, ba zarto ba."

Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Malam, Allah ya sāka."

Wasu giya suka bari a azumin nan, wasu taba. Shi nama da ma ba ya ganinsa balle a ce ya bar shi ranar Jumma'a. Azuminsa a ƙafa ya yi shi. Kullum in ya dawo kasuwa, 'yarsa mai ɗinki ta dafa ruwa, ya tsoma ƙafafun har ruwan ya huce, ta goge da dutse, ta kankare da reza, ta shafa mai, ta sa masa safa. Ta saya masa takalmin roba. 'Yan dako suka sa shi gaba.

"Baba, amarya za a kai ka ne? Sauran lalle."

"Ku dai ku zo ran Alhamis ku sha kallo."

Kwana arba'in ana abu ɗaya, ƙafa ta yi laushi kamar ta jariri. Daga shi har 'yar, ba wanda ya tuna da Jumma'a.

Ranar Alhamis da yamma ya riga kowa zuwa. Ya zauna a ƙarshen bencin gaba, ya cire takalmi ya tura ƙarƙashi, ya jera ƙafafun. Ana shirin fara Misa sai ga Shugabar Mata tana ƙirga kawuna. Goma sha uku. Ashe mai gidan man da ya yi wa coci fenti ya zo da ɗansa, ya zaunar da shi kusa da shi.

Ta wuce kowa ta tsaya a kan Baba.

"Tashi."

"Mama, Katikis ya sa sunana."

Ya waiwaya yana neman Katikis. Katikis ya sa kai cikin littafin waƙa kamar yau ya fara ganinsa.

"Mama, dubi ƙafar. Na gyara fa."

Ta duba, ta taɓe baki. "Ka kyauta, da ma tsafta aikin kowa ne. Tashi ka riƙe mana bokiti, shi ma hidima ce."

Fada sabon zuwa ne, bai san komai ba. Yana wankewa, ana juye ruwan daga tasa zuwa bokiti, Baba yana tsaye yana riƙe da shi, ƙafa ba takalmi, 'yan dako biyu suna kallo daga baya. Da aka gama ya fita da ruwan ƙafafun mutum sha biyu ya zubar a kwata.

Washegari aka ɗora masa gicciye kamar kullum. Taku goma a kan kwalta ya gane abin da ya yi wa kansa. A tsayawa ta uku tafin ya kumbura. A ta bakwai ya fashe. Da aka shiga filin tsakuwa ya faɗi, ba kuwa a inda aka saba kwaikwayon faɗuwar Ubangiji ba, wata mata a baya ta ce wa 'yar'uwarta, "Bana Baba ya iya abin nan, kamar gaske." Ya tashi. 'Yarsa ta kutso tana roƙo ya ajiye, ya girgiza kai. Ya kai shi har ƙofar coci, sawunsa ja a bayansa.

Ƙarfe uku ake shiga, kowa ya bi layi ya durƙusa ya sumbaci gicciye. Baba ya ɗaga ƙafa zai hau matakala, Shugabar Mata ta tare ƙofa.

"Ina za ka da wannan jinin? Da safen nan muka wanke daɓe saboda Ista. Ku karɓi gicciyen."

Samari biyu suka ɗauke shi daga kafaɗarsa suka shige da shi. Ya zauna a matakala yana jin waƙa daga ciki. 'Yarsa ta ɗebo ruwa a bokitin jiya, ta durƙusa tana cire masa tsakuwa ɗaya ɗaya, tana kuka ba sauti. Katikis ya leƙo ya ce, "Sannu Baba. Baɗi in Allah ya kai mu."

Wata uku bai tura baro ba, wani ya gaje rumfunan da yake yi wa dako. Ƙafar ta warke, amma kaushin bai dawo ba, ko tsakar gida ba ya iya takawa ba takalmi.

Da shekara ta zagayo kwamiti ya zauna, aka ce ai zamani ya canza, mai ɗaukar gicciye ya riƙa sa takalmi. Aka ba ɗan mai gidan mai ɗaukar gicciyen. Ranar Alhamis kuma Baba yana bencin baya, cikin takalminsa na roba, yana miƙa wuya.