Baƙin Saman Maigidana

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba shi da wata shagala a duniya sai fim ɗin baƙin sama. Haka yake kiran fina-finan nan na Turawa da ake nuna wasu halittu sun sauko daga wata duniya cikin jirage masu kama da faifai, suna ƙona birane, mutane na gudun ceton rai. Ba ya shan taba, ba ya zaman teburin mai shayi, ƙwallo ma ba ta dame shi ba. Amma duk ranar kasuwar Gezawa, in ya sayar da ɗan wakensa ko gyaɗarsa, sai ya biya ta rumfar masu tura fim a waya an zuba masa sabo. Mazan mutane su dawo gida da tsire ko rake, nawa ya dawo da dodanni a aljihu.

Da fari haushi abin yake ba ni. In ce, "Haba Malam, da girmanka da gemunka?" Ya ce, "Ke dai matso ki gani." In ƙi matsowa, amma in jawo faifan tsintar wakena kusa da tabarmarsa, wai don inuwar ta fi kyau a nan.

Turanci dai ba ya ji, ko na gaisuwa. Waɗanda aka yi wa fassarar Hausa kuma ba ya so, ya ce masu fassarar ba su san abin da ya kawo baƙin ba. Sai ya kashe maganar fim ɗin, ya jingina wayar da turmi bayan la'asar in ya dawo daga gona ya wanke ƙafa, ya yi tasa fassarar da bakinsa. Babban dodon ya leƙo daga jirgi, Malam ya shaƙe murya ya ce, "Salamu alaikum masu gida, mun ji labarin kun samu damina." Sojan Bature ya ɗaga bindiga, Malam ya canza murya: "Wallahi ba mu samu ba, tsutsa ta cinye, ku gwada garin gaba." Aka rushe bene mai hawa ba adadi, ya girgiza kai ya ce, "Ka ga illar gini a gonar gado."

Yakan ce mini, "In suka zo garin nan, rumbu zan saka ki in rufe, in ce musu dawa ce." In ce, "Ni ce dawar?" Ya ce, "To, gero. Gero ya fi tsada."

Ni kuwa kullum sai in rantse masa ban taɓa yin dariya ba. Don ya kama ni, wata rana bayan an gama girbi, ya kunna abin naɗar murya a wayar ban sani ba, ya yi fassararsa tun daga saukar jirgi har ƙonewar birni. Da ya gama ya kunna mini. Ga muryarsa, ga kukan akuya, ga 'yarmu da ke goye tana gwaranci, ga ni kuma ina ƙyalƙyala dariya har da tari, ina cewa, "Malam ka kashe abin nan, tuwona zai kama." Na bi shi da muciya zan ƙwace wayar in goge, ya ɗaga ta sama ya ce shaidarsa ce, ba mai taɓa ta. Ni ƙaramar waya gare ni ta kira kawai, don haka muryarsa ba ta ko'ina a duniya sai a cikin wannan wayar.

Ranar da zai rasu, ya bar ta a wurin mai caji da safe, ya hau mota da buhunan gyaɗa zuwa birni. Motar ba ta isa ba. Kafin azahar labari ya zo, kafin magariba an kai shi. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yau ba na iyawa.

Ranar sadakar uku ƙaninsa ya karɓo wayar daga wurin mai caji. Shi aka wakilta ya riƙe kayan mamaci har a raba gado. Mutumin kirki ne, Allah Ya sani. Abokin wasana ne kamar yadda matar wa da ƙanin miji suke, ba abin da ba na faɗa masa, har satar ƙanzo na sha kama shi da ita. Amma da na shiga takaba sai bakina ya mutu. Mace na zaune da lulluɓi, carbi a hannu, mata na shigowa gaisuwa suna fita, ta yaya za ta ce a kawo mata waya ta ji fassarar dodanni? Ga Inna, mahaifiyarsu, a ɗakin da ke kallon nawa, ita da tun yana raye take cewa hotunan aljanun nan suna korar mala'iku daga gida. Sai na ce bari a yi bakwai. Aka yi bakwai, na ce bari a yi arba'in.

Bayan arba'in ya shigo da damin itace, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, akwai abin da kike buƙata?" Maganar ta zo har kan harshena. Na ji Inna ta yi gyaran murya a tsakar gida, sai na ce, "Gishiri ya ƙare." Wallahi gishiri na ce. Da yamma ya aiko da gishirin.

Sau ɗaya na iya tambaya, shi ma a karkace. Na ce, "Wayar Malam tana nan kuwa?" Ya ce, "Tana nan, na adana ta. An riga an yi magana, a rabonki za ta faɗo, in kin fita zan kawo miki." Hankalina ya kwanta, na yi godiya. Kalma uku ce ta rage in ƙara, kada a taɓa, ban ƙara ba. Sauran kwanakin takabar da wannan alkawarin na ƙirga su. In kewa ta taso mini wajen la'asar, in kalli turmin in ce saura kaɗan.

Ranar da wata huɗu da kwana goma suka cika, na yi wanka, aka sa mini lalle, na ɗaura sabuwar atamfa, mata suka cika gidan. Sai ga shi da leda a hannu, fuskarsa fal murna. Ya durƙusa ya miƙo mini wayar, har sabuwar riga ya saya mata. Ya ce, "Yaya, ga amanarki. Jiya na kai ta kasuwa aka goge tarkacen da ke ciki kaf, fina-finan nan, kada su zame masa nauyi a inda yake. Na sa an zuba miki karatun Alƙur'ani izu sittin, da wa'azi. Duk sanda kika kunna, ladan ya isa gare shi."

Inna ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan." Mata suka amsa da amin. Ni ma na ce amin, na ce na gode, Allah Ya saka da alheri. To me zan ce? Wa ke yin fushi don an ba shi Alƙur'ani? Na shiga ɗaki na tura ƙyaure, na dinga latsa wayar da yatsun da lallensu bai gama kamawa ba. Babu jirgi, babu dodo, babu akuya, babu Malam. Kukan da na yi ranar ya fi na ranar jana'iza, matan da ke waje suka ɗauka na fitar takaba ne, suna ta ba ni haƙuri ta taga.

Kasuwa ta gaba da kaina na je rumfar, ni da ban taɓa tsayawa cikin maza ba. Mai rumfar ya jujjuya wayar, ya ce da goge ta kawai aka yi da an gwada dawo da abin da ke ciki, amma an zuba wani abu a kai ya danne shi. Ya tambaye ni ko abu ne mai muhimmanci. Na ce ya zuba mini fim ɗin baƙin sama guda ɗaya, kowanne ne. Ya dube ni, ya zuba.

Ƙanin mijina bai sani ba har yau, kuma ba zai sani ba. Ba shi ya yi mini ba, ni na yi wa kaina. Karatun ina kunnawa kowace safiya, ina roƙon Allah Ya kai ladan. Amma ina jin haushin kunyata, haushin da bai ragu ba ko kaɗan.

'Yar da ke goye a cikin wancan naɗin yanzu ta shiga firamare. Kwanan baya na jingina wayar da turmi, na kashe maganar, dodon ya leƙo daga jirginsa. Na shaƙe murya na ce, "Salamu alaikum masu gida, mun ji labarin kun samu damina." Ta yi dariya har da tari, irin tawa. Sannan ta ce, "Umma, haka Baba yake yi?"

Na ce, "A'a, ba haka ba."

Ta ce, "To yaya yake yi?"

Kalmomin duk suna nan a kaina, ɗaya bayan ɗaya. Na nemi muryar in kwaikwaya mata, na nema, na sake nema. Tana tsaye tana jira, na ce ta je ta ɗauko mini muciya, tuwo zai kama.