Gulma da Kunne a Toshe

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ina jin ranar da na je kallon tseren motoci da azumi a bakina ita za ta rage. Ni ba ruwana da mota, har yau in tawa ta yi tari sai dai in kira maigida. Binciken aure ne ya kai ni.

Lokacin muna zaune a Manchester, ni da maigidana da ƙanwata, wadda take aikin likita a wani asibiti. Ni na ƙarasa rainonta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Don haka da ta kawo maganar wani injiniya ɗan Zariya mai aiki a Birmingham, Baba ya bugo waya daga Kano ya ce tunda ba ya kusa, ni ce idonsa. In na ce e, a sa rana. In na ce a'a, an rufe zance. Yarinyar kuwa ta riga ta yi nisa, kallo ɗaya za ka yi mata ka gane.

Na yi iya ƙoƙarina. Na tambayi matan da na sani a unguwar Sparkhill ta Birmingham, maigida ya tambayi waɗanda suke sallah da shi a unguwar Aston. Duk bakinsu ɗaya: ba ya fashin jam'i, ba shi da abokin faɗa, amma fa ba ya magana. Nan na tsaya. Mutumin da ba ya magana, ta ina za ki san cikinsa?

A shekarar ne aka canza dokar injinan manyan motocin tsere. An rage girman injin, an ƙayyade man da zai sha, an haɗa masa batir mai tara ƙarfin da a da ake asararsa a birki da salansa. Kamfanin da saurayin yake wa aiki yana ƙera wasu ƙananan kayan sabon injin, shi ya sa a lokacin da ake ta rage ma'aikata ko'ina, har ofishin maigidana kowa barci yake da ido ɗaya, su ɗaukar mutane suke. Sai ga shi ya gayyace mu babban tseren da ake yi kudu da Birmingham, wai an ba shi tikiti a wurin aiki. Na ce to, ga dama ta samu.

Maigida ya fi kowa murna. Ya taɓa zuwa sau ɗaya yana ɗalibi, kuma tun aurenmu nake shan labarin yadda ƙarar injinan ta bar kunnensa yana kuka har kwanaki. Ya je ya sayo mana manyan marafan kunne, irin na masu fasa titi. Ranar tafiya, ita ƙanwar tawa da asuba aka kira ta daga asibiti, wai ba su da isassun likitoci, dole ta je. Ta tafi tana waiwayena kamar mai barin amana.

Da muka ɗauki saurayin a ƙofar gidansa ya ga marafan, sai ya ce a hankali, bana fa injinan ba su da ƙara irin ta da, ba lallai a buƙace su ba. Maigida ya yi dariyar manya ya ce, ƙanina, gani ya kori ji, ni na je na gani. Yaron ya shiga mota, muka kama hanya.

Kujerunmu ba a jere suke ba. Mu biyu muna tare, shi yana layin gabanmu, ƙeyarsa daidai gwiwata. Tun kafin a tashi motocin muka rufe kunnuwa ruf. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne, mai kunne a toshe ba ya jin muryarsa, sai ya yi ta ɗaga ta. Ni a tunanina duniya ta cika da ƙara, ko shelar mutuwa na yi ba mai ji.

Motoci suka fara wucewa fuu, ni ban gane ta gaba ba balle ta baya. Sai na jawo maigida na soma abin da ya kawo ni. Na ce wannan yaro ramamme ne, anya yana cin abinci? Maigida ya ce bar rama, ki dubi aikin, ƙato da gemu yana ƙera kayan wasa. Na taɓo takalminsa, na taɓo askinsa, na ce mutum kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa. Duk wannan da azumi, Allah ya yafe mana. Wata baturiya a gefena ta yi ta kallona, na ɗauka mayafina ne ya burge ta.

Daga nan wasa ya ƙare, na shiga abin da yake cina da gaske. Bayan rasuwar Inna, ƙanwata ta yi wani ciwo na damuwa da ya kwantar da ita har ta ajiye karatu. Ni kaɗai na san irin wahalar da muka sha, kuma tsoron da nake kwana da shi ke nan: in ciwon ya dawo a gidan wani, wa zai riƙe ta? Na buɗe baki na ce, ni fa damuwata, ko ta gaya masa abin da ya same ta bayan...

Sai na ga ya juyo. Ya taɓa gwiwar maigida, ya yi mana alama mu cire marafan. Na cire nawa, sai na ji ashe motocin gurnani kawai suke, har muryar mai sanarwa ana ji tar, har da ƙarar takardar alewar yaron da ke bayanmu.

"Yaya, ku yi haƙuri, ana jin ku," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Da farko zancen nawa ne, shi ya sa na bari, haƙƙinku ne. Amma yanzu kun shiga nata. In akwai abin da take so in sani, gara in ji daga bakinta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Maigida ya kama duba marfinsa ciki da waje, wai ko jabu aka sayar masa. Saurayin ya koma kallonsa, can kuma ya juyo yana nuna mana motar da kayansu suke ciki, kamar ba abin da ya faru. Har aka tashi ban sake buɗe baki ba, wanda maigida ya ce shi ne babban abin mamakin da ya gani a filin.

Mun sha ruwa tare a wani gidan abinci a Sparkhill. Ina lura da shi, ya ci da kyau kuwa, har ya ƙara. Da muka haɗa ido ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ina ƙoƙari." Dariya ta ƙwace mini har na ƙware.

Washegari na kira Baba. Ya ce me na gano. Na ce Baba, a sa rana. Ya ce da sauri haka? Na ce na ga an miƙa masa sirrinta a hannu, ya ƙi karɓa.

Ita da kanta ta gaya masa komai kafin biki. Labarin filin tsere kuwa bai taɓa kai mata ba, sai da suka haifi 'ya ta biyu ni na fasa ƙwan, ta yi dariya har da hawaye.

Na tafi ina neman mutumin da zai buɗe mini cikinsa, ashe ba shi nake buƙata ba. Tun daga ranar, in an ce in duba wa wata miji, ba na damuwa da yawan maganarsa ko ƙarancinta. Abin da nake dubawa shi ne yadda yake riƙe mutuncinta a wurin da ba ta nan.