Wa Ya Yi Shanya a Tagar Pave?

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Pave Kristovic, mai sayar da busasshen ɓaure da ɓawon lemo mai sukari a kasuwar cikin ganuwa ta Dubrovnik. Ta rasu a asibiti da hantsi, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ba daga bakin danginta na ji ba. Ranar da aka ɗauke ta cewa aka yi da ni duba ta kawai za a yi ta dawo. Sai da na sauka sayen burodi ran Laraba na ga takardar sanarwa mai baƙin gefe an liƙa a allon ƙofar gari, kusa da tallan yawon kwale-kwale, da hotonta na wajen shekara ashirin baya. Wasu baƙi biyu sun jingina da allon suna shan abin sanyi. Na ce su matsa, ba su ji yarena ba, amma sun ga fuskata sun matsa.

Pave, yau da ke zan yi magana, don ban saba yin maganarki da wasu ba.

Shekara arba'in da wani abu tagata na kallon tagarki a lungunmu mai matakala, kuma igiyar shanya ɗaya ce tsakaninmu. Marigayi mijinki ne ya ɗaura ta, ya zagaya ta kan ƙarfe mai juyawa a bangonki, ya zagaya ta kan wani a bangona, in kin ja ta zo, in na ja ta tafi. Kowa a garin nan ya san igiya irin wannan ba ta mutum ɗaya ba ce, sai maƙwabci ya ba ka bangonsa. Litinin da Alhamis naki ne, Talata da Juma'a nawa, Lahadi igiya na hutu. Ba a ja sai an kira sunan juna. Kuma a lungunmu, gidan da aka yi rasuwa ana rufe ƙyauren tagoginsa, ba a shanya ko ƙyalle sai an yi addu'ar wata guda a coci. Ba wanda ya rubuta mana wannan, haka muka tarar.

A kan igiyar nan kika riƙa aiko min da gorar ruwa cikin kwando lokacin yaƙi, da aka yanke wa gari ruwa, ina kwance da jariri ba na iya sauka. Ban taɓa tambayarki inda kike samowa ba, ke ma ba ki taɓa tada zancen ba. A kanta kika aiko min da miya da mahaifiyata ta rasu. A kanta kuma muka yi faɗa babu adadi, yawanci a kan cewa zanen gadona na ɗiga wa tukunyar furenki.

Aikina zagayawa da baƙi ne. Na hau da su ganuwa, na nuna musu tashar jiragen ruwa da tsoffin majami'u har gwiwoyina suka ce sun gaji, kuma kullum a teburinki nake ƙare musu yawon. Kina miƙa wa kowa ɗanɗano, babba da yaro, mai saye da mai kallo. Sau nawa na ce miki mutanen manyan jiragen ruwan nan sun ci sun ƙoshi a jirginsu, ci suke yi su wuce? Sai ki ce, "Desa, bar su mana. Wanda ya ɗanɗana ya san hanya." Shekarar da ruwan sama ya ɓata ɓaure, da kunnena na ji kina ce wa wata mata kada ta sayi naki bana, ta je teburin Jele, nata ya fi bushewa. Na kusa shaƙe ki a wurin. Akwai kuma tsohon nan da ya ɓace wa 'yan jirginsu, yana zaune bakin famfo yana rawar jiki, ba ya jin yaren kowa. Ni na ce miki ki kula da jakarki, irin wannan dabarar mun sha gani. Kika rufe teburinki da tsakar ciniki, kika riƙe hannunsa har wurin motar da ke kai su tasha. Kin dawo kin tarar tattabaru sun yi biki da rabin kayanki, kika yi dariya har da hawaye.

Halinki ke nan. Kina yarda da mutum tun kafin ya buɗe baki. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, don garin da kowane kwali ke cewa "aikin hannu" alhali daga ƙetare aka sauke shi, dole mutum ya koyi juya kaya ya dubi ƙasansa. Ke kika ce da ni wata rana, "Ke ko mala'ika ne ya ƙwanƙwasa miki ƙofa, sai kin ce ya nuna shaida." Na ce ƙwarai kuwa.

Shi ya sa ban yi shiru ba da Orsat ya fara zuwa. Orsat ɗan ƙanenki ne, mai shagon tsaraba a gindin lungunmu, inda ake sayar da huluna da riguna masu zane da 'yan hotunan maƙalawa a firij. Shekara da shekaru bai hawo matakalarmu ba, wai gwiwa na damunsa. Da sanyin bara ya shigo kika fara rauni, sai gwiwa ta warke. Yau ya kawo miya, gobe ya kawo magani, jibi na hango shi ta taga yana tsaye tsakar ɗakinki yana kallon rufi kamar mai neman inda ke yoyo. Na ce miki in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Kika ce in bar yaro ya yi zumunci. Yaron da furfura ta cika masa kai.

A maƙabarta ya yi kuka, ba zan ci haƙƙinsa ba, na ga hawayen da idona. Na kuma ga ya duba wayarsa sau biyu kafin fada ya gama addu'a.

Ran Litinin bayan an binne ki, ina shan kofi sai na ji ƙarar ƙarfen igiya. Pave, na zabura, don ƙarar nan a wurina muryarki ce. Na buɗe taga. Ƙyauren tagarki a buɗe, ga shanya jere har tsakiyar lungu: farin zanen gadonki mai ɗinkin hannu, shuɗiyar rigar da kike ɗorawa a kasuwa, da jan ɗankwali. Ba wanda ya kira sunana. Kallo ɗaya na yi na san ba mai wanki ba ne ya yi shanyar nan. Ke riga ta ƙasa kike maƙale ta, manyan kaya su fara tafiya, ƙanana su tsaya kusa da taga inda ido ba ya kaiwa. Wannan kuwa an zaɓi masu kyau ne an tura su daidai inda rana ke faɗowa, daidai inda mai tsayawa a ƙofar shago zai ɗaga kai ya gani. Na leƙa ƙasa, ko ɗigo ɗaya babu a kan dutse. Busassun kaya aka shanya.

Kafin hantsi lungu ya cika da baƙi. Kowa ya ɗaga waya sama, wata yarinya mai zagayawa da su tana faɗa musu wai a nan har yanzu mutane na zaune kamar yadda kakanninsu suka zauna. Suna gama ɗaukar hoton rigar mamaciya sai su juya, ga ƙofar shago a buɗe. Da walakin, goro a miya. Raina ya ɓaci ɓacin da rabona da irinsa tun ina da ƙarfi, na ɗauki sandata na sauka.

Na tarar da shi yana naɗe wa wani hula. Na jira ya sallame shi, na ce, "Orsat, wa ya yi shanya a gidan makoki?"

Ya kira ni Teta, wato goggo a yarenmu, ya ce, "Teta Desa, ina kwana dai tukuna."

Na ce, "Kwanan ke nan ka gani. Goggonka ko sati ba ta yi a ƙasa ba ka mai da rigarta tutar shago. Ko wankewa ba ka yi ba, busassu ka rataya. Ka ɗauka ni makauniya ce?"

Ya gyara hulunan da ba su karkace ba, sannan ya ce, "Teta, ai tun sanyin bara busassu ake ratayawa. Ba ni na fara ba, ita ce."

Na ce, "Ƙarya kake."

Ya ce, "Hannunta ya daina matse ko tsumma. Matata Nives ke kwashe kayan ta wanke a inji can gidanmu, ta busar, in kawo. Ita kuma duk Litinin da Alhamis sai ta rataya su haka nan. Na ce teta, wahalar me kike sha? Ta ce, 'Ba ka san Desa ba. In ta buɗe taga ta ga igiya wayam, za ta hawo da likita da fada, ta kwashe wankin ta ce ita za ta yi, ga bayanta ba lafiya.' Ni dai na ga lungun ya yi tsit ne, na ce bari in ci gaba."

Na hawo gida na zauna.

Tun ranar nake juya maganar nan. Ina ƙoƙarin tuna bazarar da ta wuce, ko shanyarki na ɗiga, ko ba ta ɗiga. Na kasa. Rana na da zafi, dutse na shanye ruwa nan take, ni kuma fuskarki nake kallo in kin leƙo, ba ƙasa ba. Ko dai ya ƙirƙiro labarin ne a tsaye don ya rufe min baki, tunda ɗan kasuwa ne kuma ya san inda zai taɓa ni, ko kuwa ke ce, ke da ba ki iya ɓoye ruɓaɓɓen ɓaure ɗaya a ƙasan kwando ba, kika yi min wayo watanni ina kallo. Duka biyun sun zauna daidai. Na je wurin Nives, ta faɗi abin da mijinta ya faɗa, amma me za ta ce dama? Wadda za ta raba gardamar ita ce aka rufe a maƙabartar Boninovo. Wannan ya fi komai ci min rai, Pave, yau ga ni ina zarginki, kuma babu tagar da zan buɗe in tambaye ki.

Na bar igiyar. Na ce ko da kashi ɗaya cikin goma na maganarsa gaskiya ne, ba zan taɓa abin da kika wahala a kansa domina ba. Kayan suka kwana a waje, suka sake kwana, raɓa ta jiƙa su, rana ta busar, ba wanda ya zo ya ja su ciki.

Ran Alhamis da safe na ji ana huda bango. Na leƙa, ga ma'aikaci a ƙofarki yana kafa shuɗin allon nan mai taurari da ake sa wa gidajen hayar baƙi, irin wanda ya cinye ƙofofin lungunmu ɗaya bayan ɗaya har ya rage saura ni da ke. Allon ba a yin sa a kwana biyu, kowa ya sani. Orsat na tsaye yana nuna masa inda ya karkace. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya yi murmushi ya ce, "Teta Desa, kada ki damu, igiya na nan, ba mai taɓa ta. Baƙi na son taga mai igiya."

Na ce, "Haka ne."

Na kira sunanki, kamar yadda aka saba, sannan na ja. Zanen gadon ya zo, rigar ta zo, ɗankwalin ya zo, na cire su ɗaya bayan ɗaya na ninke a kan gadona. Na nemi kwance ƙullin da mijinki ya yi, ya ƙi, ya zama kamar dutse. Sai na ɗauko wuƙar burodi. Igiyar ta zame daga ƙarfena ta tafi ta bugi bangonki ta tsaya tana lilo. Na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Bangon nawa ne, ke na ba wa, ban ba wa baƙi masu akwati mai taya ba.

Kayanki suna wurina. Na wanke su da hannuna, na shanya a cikin ɗaki. Duk wanda ke da haƙƙi a kansu ya hawo matakala ya karɓa, ba zan hana ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarki Luce da ke Cavtat, da 'ya'yanta, da matan kasuwa da suka rufe teburansu ranar jana'iza, musamman Jele. Ina miƙa ta ga Nives, wadda in da gaske ta yi wankin nan, Allah ya saka mata. Ina miƙa ta ga Orsat ma, Allah ya san abin da ya hawo da shi matakalar nan, ni ban sani ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya.

Ke kuma, Pave, Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya karɓe ki yadda kika riƙa karɓar mutane ba tare da tambaya ba. In kuwa da gaske kin yi min ƙaryar nan, ita kaɗai ce na taɓa sani a gare ki, kuma ina roƙon Allah ya lissafa ta cikin ayyukanki na alheri. Amin.