Kira uku da na tare da hannuna

Jiya da hantsi ina ɗakina a Zongon Parakou, ina girka pare-feu na kyauta, wato manhajar da ke tare shige da ficen intanet, a machine virtuelle, kwamfutar gwaji da ke cikin kwamfutata, shirin gwajin neman aiki. Don in tabbatar yana toshe komai, na bi da intanet ɗin wayata ta cikinsa.

Ƙarfe 11:40 na buɗe wa intanet hanya, sai ga kiran yayata daga Djougou.

"Auta, ina ka shiga? Sau uku Inna ta sa na kira ka ta WhatsApp."

"Ba ta wayar, Yaya."

"Wa zan ba? Inna ta cika."

Na duba kiran da na rasa: 10:52, 10:58, 11:07. Aikina bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ku sa mahaifiyata a addu'a. Wanda ya taɓa rasa kiran ƙarshe, don Allah yaya ka yi da zuciyarka?