Zangon da Baffa Sa'idu ya bari

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Baffa Sa'idu, ƙanen mahaifina, kuma bana na fi kowace shekara tuna shi, don abin da ya yi ta gargaɗi a kai ya matso.

A Gwandu aka haife shi, zamanin da mahaifinsu ke gadin turakun wayar tangaraho ta Turawa. Tsohon ya sha gaya musu cewa magana na wucewa ta saman kansa kullum, amma ba shi da ikon jefa ko kalma ɗaya a ciki. Wannan ya tsaya wa Baffa a rai. Da Baffa ya bar aikinsa na gidan waya ya zauna Kalgo, sai ya nemi lasisi, ya kafa eriya bayan rumbu, ya shiga sahun masu rediyon sha'awa, waɗanda hukuma ta ware wa ɗan zango a layukan rediyo su yi magana da juna ba don kuɗi ba. Kowane hantsi yakan kira amininsa Malam Bello a Dalijan, su taɓa zancen ruwa da gero.

Wata damina, lokacin mulkin soja, jami'ai suka zo suka kwashe na'urarsa. Ina tsakar gida ina jin su.

"Mi na yi?" in ji Baffa.

"Ba ka yi komai ba, Alhaji. Umarni ne daga sama," in ji ɗaya daga cikinsu.

Cikin makonnin nan amai da gudawa suka ɓarke a Dalijan, ga hanya ta yanke. Malam Bello ya yi ta kira, babu mai amsawa a Kalgo. Kafin labari ya iso ta bakin wani mai keke, an binne mutane, har da matar Malam Bello. An dawo wa Baffa da kayansa bayan kaka, amma daga ranar ya daina dariya a gaban makirfo. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji batun zango. Yakan ce mini, "Hadiza, ranar da aka ce ku yi shiru, ba za a tambaye ku wa ke jinya ba."

Yau kowa da waya a aljihu, har ana ganin irin su Baffa tsofaffin yayi ne. Amma mun ga yadda ake katse sabis idan tsaro ya taɓarɓare, ƙauye ya kwana ya tashi ba mai jin ɗuriyarsa. Yanzu kuma ina jin masu kamfanonin waya sun sa ido a kan ɗan zangon da ya rage, suna cewa ba kowa a kai. Da yana raye, na san ba zai yi mamaki ba. Zai dai tambaya mu nawa ne muka hau zangon, da har za mu ce namu ne.

Bai bar gona mai yawa ba, bai bar ɗa namiji ba. Abin da ya bari shi ne taurin kai, kuma da alama ni na gada. Da furfurata na zauna jarrabawa na karɓi lasisi. Ranar Juma'ar da ta wuce na yi kiran farko. Na jira har la'asar, ba wanda ya amsa daga ko'ina cikin ƙasar Gwandu. Ban kashe na'urar ba.