Gora da Kasko

Murhun da muka taso a gabansa na gas ne, mai ido uku, a falon gidanmu na unguwar Gorton a Manchester, kuma idon tsakiya ya mutu tun kafin in yi wayo. Lokacin sanyi duhu kan rufa tun ƙarfe huɗu. Mu yi magariba da kayan makaranta a jikinmu, ni da ƙanwata Zulai, sannan mu jawo bargo mu zube a ƙafafun Kaka. Sai ta miƙa tafukanta ga wutar ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu kuma mu ce ta shigo ta zauna.

Kaka mahaifiyar Mamanmu ce, haifaffiyar zangon Kumasi. Kakanta ya baro Kano cikin ayarin fataken goro, bai sake komawa ba. Hausarta ta zango ce, mai sauri, mai ɗauke da ƙamshin bakin Asante. Babanmu Bakano ne, injiniya, kuma bai taɓa gyara mata magana ba. Yayarsa, Gwaggo Bilkisu ta Birmingham, ita ta ɗaukar wa kanta wannan aikin ba wanda ya sa ta.

Ina shekara tara aka yi sunan autar Gwaggo. Kaka ta tashi tun asuba ta dafa wake da shinkafa irin na Kumasi, da karan dafi har ya yi ja, ta cika babbar tukunyarta, ta rungume ta a cinya tun daga Manchester don kada ta kife a mota. Da rana yara suka kewaye ta a ƙasan bene, ta fara ba su tatsuniya. Ba ta yi nisa ba Gwaggo ta iso, awarwaron zinare na kaɗawa a hannunta, ta janye 'ya'yanta biyu a gaban matan da suka cika ɗakin.

"Hajiya, don Allah a bar min yarana haka. Ba na so su ɗauki Hausar zango. Mu fa Hausawan asali ne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka duƙar da kai. Da za mu tafi aka miƙo mana tukunyar da ƙyallen da Kaka ta ɗaure murfin da shi, kullin nata ne, ba a kwance ba. Ta sake rungume ta har gida. Kwana huɗu muna cin wake da shinkafa, ni kuwa kowace loma da tsinuwa nake haɗiye ta.

Sati guda Kaka ba ta ba da tatsuniya ba. Ran da ta dawo, da sabuwa ta dawo.

Wai wata tsohuwa ce da 'ya'ya mata uku. Da ajalinta ya zo ta fasa duma guda, ta raba musu irin, ta ce duk inda aure ya kai su su shuka, da shi zuriyarsu za ta gane juna. Babbar ta zauna a gida, nata ya fito ƙwarya zagayayya. Ta tsakiya ta yi gabas, nata ya yi dogon wuya ya zama ludayi. Ƙaramar ta yi kudu mai ruwa, nata ya fito gora. Shekaru suka ja, sai jikar ƙaramar ta tako har gidan babbar da gorarta a hannu tana neman dangi. Babbar ta juya gorar sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta ce duman uwarsu zagayayye ne, wannan mai ƙaramin bakin ba nasu ba ne. Ta sa aka rufe ƙofa. Da yammar ranar wani baƙo ya zo da kaskon yumɓu da ya goge ya shafa masa rawaya. Ta ga zagaye, ta rungume shi tana kukan ga ɗan uwa, ta rataye kaskon a ɗakinta.

Sai damina ta yi ƙarfi, kogi ya ɓalle cikin gari. Kowa ya kama abin da zai ɗaga shi. Yarinyar ta rungumi gorarta ta taso sama. Babbar ta suri kaskon, shi kuwa yumɓu ba ya wasa da ruwa.

A nan Kaka takan rage murya. Ta ce matar tana nitsewa awarwaron zinarenta na ƙyalli a cikin ruwa. Da can ba mu taɓa jin mai awarwaro a tatsuniya ba, amma ba wanda ya tambaya.

Zulai ce ta kasa haƙuri. "Kaka, ta ceto ta?"

"Ba ta ceto ta ba," in ji Kaka. "Ta dai tsaya ta kalla. Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Ni na ɗauka. Na so tatsuniyar nan fiye da kowace, don ni ce mai gora, kuma na san wadda nake jira in ga ruwa ya ci. Kaka ta rasu ina aji na ƙarshe a sakandare. Gwaggo ta zo gaisuwa, ta yi addu'a mai tsawo da Hausa mai kyau, ban amsa mata da amin ba.

A jami'a na karanci tarihin harsuna, a nan kuma na ci karo da wata kalma mai haruffa huɗu, kind. A Turanci kirki ce, ko iri. A Jamus da Holan yaro take nufi. A Iceland tunkiya ce. A Sweden da Denmark kuwa kunci. Da ni aka ce in kori baƙuwa a cikinsu, tunkiyar zan kora, don me ya haɗa ta da kirki? Ashe ita 'yar gida ce. Ita da yaron da kirkin duk tsatso ɗaya suka fito, wata tsohuwar kalma mai nufin haihuwa da zuriya: wanda ka haifa, irin da ka fito, halin da ya kamata ka nuna wa naka, halittar da kake kiwo. Kuncin ne baƙo. Rubutu ɗaya sak, amma shi danginsa kalmar haɓa ce ta Turanci, tafiya ce kawai ta goge shi har ya yi kama da su. Na zauna a laburare ina dariya ni kaɗai. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta riga malamaina ba ni wannan darasin.

Bara Gwaggo ta kira ni. 'Ya'yan nan biyu da ta janye sun girma ba Hausar zango, ba ta Kano, sai Turancin Birmingham. Jikokinta uku ko "sannu" ba sa iya mayarwa. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar.

"Habiba, ke ce kika yi harsuna a uni. Ko weekend ne ki riƙa zuwa ki koya musu. Ina magana a gidana kamar da bango."

Na ce zan duba. Sati uku ina dubawa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ga ni a kan gora, ga awarwaro na ƙyalli a ƙasa.

A sati na huɗu na hau jirgin ƙasa da tukunyar Kaka cike da wake da shinkafa a cinyata, murfin ɗaure da ƙyalle. Na ajiye ta a kan teburin Gwaggo. Na zaunar da yaran, na koya musu su ce ta shigo ta zauna, sannan na ba su gora da kasko da bakin zango tsantsa, ina tsayawa ina fassara musu, ban cire awarwaro ko ɗaya ba. Gwaggo na kujera tana ji. Na ga lokacin da ta ja hannun rigarta ta rufe wuyan hannunta.

Ƙaramar jikar ta tambaya da Turanci ko an ceto matar. Na ce ta tambayi kakarta. Yarinyar ta juya gare ta.

"Ba ta cancanta ba," in ji Gwaggo.

Na daɗe ina zaton darasin Kaka shi ne a tsaya a kalla. Yanzu ina ganin ta bar ƙarshen da zafinsa ne don in san girman abin da zan bayar in na tashi bayarwa. Ban ce na yafe ba. Duk Asabar biyu dai ina Birmingham, kuma jikokin Gwaggo da Hausar Kumasi suke gaishe ta, tana amsawa ba gyara. A ranar farkon nan kuwa ban taɓa tukunyar ba. Na naɗe hannu na jira har Gwaggo ta tashi da kanta, ta kwance kullin, ta ɗebo faranti.